Kwana shidan da yaro ba ya gabanka: magana da 'yan uwana malaman fiyano

Mu da muke koyar da fiyano a gida, ko muke bin gidajen mutane muna lesin, ba mu da yawa a arewa kuma kowa yana can lungunsa yana fama shi kaɗai, wani a Kaduna wani a Jos wani a Sabon Gari, ba mai jin abin da wani yake ciki. In ka shiga intanet neman shawara kuma yawanci abin da za ka tarar na malaman Amurka ne da Ingila, shawarwari ne masu kyau fa, amma su a wajensu an riga an ɗauka cewa yaro yana da fiyano a falon gidansu, wuta ba ta ɗaukewa, mai gyara kuma waya ɗaya za ka yi ya zo. Mu ba haka abin yake ba. Shi ya sa nake so in faɗi yadda nake gani daga nan inda muke.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne wannan, yaro yana zuwa wajenka minti 30 ko 45 a sati, sauran kwana shida kuma ba ka ganinsa, toh a cikin kwana shidan nan ne ake iya fiyano ko a kasa iyawa. Kiɗa kamar hadda yake, in ba a tilawa zubewa yake komai ƙwarewar malamin da ya biya maka. Don haka duk abin da zan saya, duk littafin da zan zaɓa, har yadda nake karɓar kuɗi, tambayar da nake wa kaina ita ce shin wannan zai sa yaron nan ya zauna ya taɓa maɓallai ranar Laraba da yamma lokacin da ba na nan?

Mu fara da abin kiɗan kansa tunda a nan iyaye suka fi tambaya. Cikakken fiyano maɓalli 88 gare shi, farare 52 baƙaƙe 36, kuma maɓallan suna da nauyi saboda kowanne ɗan guduma yake ɗagawa ya bugi tsirkiya. Kibod ɗin da ya cika kasuwanninmu da coci-coci da situdiyo mai maɓalli 61 ne, irin su Yamaha PSR, mara nauyi. Ni ban raina shi ba ko kaɗan, kusan duk wanda ya iya kiɗa a garuruwan nan a kansa ya fara, kuma kiɗan waƙoƙin finafinan Hausa da ake ce wa kiɗan fiyano ai a kan irinsa aka gina shi. Amma akwai sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa, dole ya zama mai jin taɓi, wato in ka danna a hankali ya yi ƙasa-ƙasa in ka danna da ƙarfi ya ɗaga murya. Ƙananan nan na wasan yara da duk yadda ka taɓa ƙara ɗaya suke bayarwa, dan Allah ka hana iyaye sayensu, asarar kuɗi ne kuma yana kashe wa yaro kunne, ya saba da cewa yatsansa ba shi da wani tasiri a kan sauti. In uba ya ce Malam me zan saya, ina ce masa ya kira ni daga shagon, ya danna maɓalli ɗaya a hankali sannan da ƙarfi in ji ta waya. Ko na Beljiyam ne ba laifi in dai an bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya an tabbatar duk suna magana, kuma a haɗa da adafta ta asali da feda, wato abin da ake takawa da ƙafa sauti ya daɗe.

A ɗakinka kai malami kuwa ka yi iya ƙoƙarinka ka ajiye mai 88 mai nauyi, irin su Yamaha P-45 ko Casio CDP-S, ko da shi kaɗai ne jarin da ka mallaka. Yaro ya yi ta aiki a gida kan mara nauyi, amma sau ɗaya a sati yatsunsa su san yadda ainihin abin yake. Wutar da waɗannan suke ci kaɗan ce sosai, ba ta kai ta fanka ba, ƙaramar inbata ko ɗan sola ya isa ya riƙe maka yini guda, kuma wasu daga cikin na Casio da ƙananan PSR suna aiki da batir shida irin na tocila. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don darasin da aka katse saboda an ɗauke wuta yaro ba ya mantawa, uwarsa ma ba ta mantawa. Janareta kuwa ƙararsa kaɗai ta isa ta hana ka jin ko yaro yana buga a hankali ko a'a, ga shi wutarsa na hawa da sauka ta ƙona adafta, in dole ne sai da shi toh a sa sitabilaiza a tsakani.

Mai fiyanon katako na gaske, wanda ya gada ko ya samu a wata tsohuwar makarantar mishan, shi aikinsa ya fi yawa kuma ina tausaya masa ina kuma taya shi murna. Masu ƙera shi suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu yakan faɗi ƙasa da 20, da damina a watan Agusta ya haura 70. Katakon da yake ciki yana kumbura da damina sauti ya hau, maɓallai su riƙa maƙalewa, hunturu ya zo ya tsotse shi sauti ya sauka, wani lokaci har ya tsage ko kusoshin da suke riƙe da tsirkiya su yi sako-sako, ga tsirkiyoyi sama da 200 suna jan jikinsa da nauyin tan kusan 18 dare da rana. Kar a jingina shi da bangon da rana take duka, kar a sa shi kusa da taga, a rufe shi da zane mai kauri saboda ƙura, a riƙa leƙa ƙasansa saboda gara da ɓeraye, su ɓeraye ulun da yake jikin gudumomin nan suke so. Saiti, wato daidaita sautin tsirkiyoyin, sau biyu a shekara, kuma ba a farkon canjin yanayi ba, a bari damina ta zauna sosai, a bari hunturu ya zauna. Masu saitin ba su da yawa a nan, abin da ya fi sauƙi ku haɗa kai da wasu malamai da coci-cocin da suke da shi ku kira mutum ɗaya ku raba kuɗin motarsa.

Sai babbar matsalar, yaron da babu komai a gidansu. Suna nan da yawa kuma sau tari su ne suka fi ƙwazo. Ni ba na korar su. Ina zana musu maɓallai a kan kwali da girmansu na gaskiya, farare bakwai suna cin santimita 16 da rabi, don yatsa ya saba da tazarar, amma kwali ba ya magana, ba zai ɗauki yaro ya wuce makonnin farko ba. Abin da ya fi aiki shi ne ka buɗe musu ɗakinka a lokacin da ba ka da darasi, ka sa hedifon a jikin kibod na biyu, yaro ya zo ya yi minti 20 ya tafi, ko ka je da kanka wajen fasto ko shugaban kwaya ka roƙa masa izinin amfani da na coci a ranakun da ba a taro. Yara biyu 'yan unguwa ɗaya iyayensu za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. In ba a warware wannan ba wallahi duk sauran abin da zan faɗa a ƙasa ba zai yi amfani ba.

Zama kuma, a gajarce. Kujerar roba mai hannu ba ta dace ba, benci ake so, tsayinsa ya kai yadda gwiwar hannu za ta yi daidai da maɓallai, ƙaramin yaro kuma a sa masa ɗan akwati ko kujerar tsuguno a ƙarƙashin ƙafa kar ta yi ta lilo. A yanke farce.

Yanzu littattafai. Mafi yawanmu da Smallwood aka koya mana, littafin da yake tun ƙarni na 19, har yau kuma shi ne ake samu a shagunan littattafan coci. Ga babba mai haƙuri yana da amfani, amma ɗan shekara 6 ko 7 yana tsorata shi, rubutu ya yi yawa a shafi, tun bai san daɗin sauti ba an tara masa ƙa'idoji. Na zamani irin su Piano Adventures da na Alfred suna fara yaro a kan baƙaƙen maɓallai kafin ma a nuna masa layukan nan biyar na rubutun kiɗa, kuma ni wannan ya yi mini daidai ƙwarai saboda wani dalili namu na gida. Baƙaƙen nan sauti biyar ne suke maimaita kansu, waƙoƙinmu da yawa kuwa, na gaɗa da na raino da na dandali, a kan sauti biyar suke tafiya. Ke nan tun ranar farko yaro zai iya lalubo waƙar da kakarsa take yi masa da yatsa biyu, ya koma gida ya buga ta a gaban mutane a gane ta. Wanda aka gane waƙarsa a gida gobe da kansa zai koma kan kibod ba sai an kore shi ba. Ina tambayar kowane sabon ɗalibi waƙar da yake so, ta coci ce ko ta biki ko ta makaranta, in rubuta masa ita daidai ƙarfinsa da MuseScore, manhaja ce ta kyauta ta rubuta kiɗa a kwamfuta, in buga masa a takarda da manyan baƙaƙe da sunansa a sama.

Wanda ya ɗan yi nisa ba sai ka kashe kuɗin odar littafi daga waje ba. IMSLP, wani shafin intanet da aka buɗe a 2006, yana ɗauke da tsoffin kiɗe-kiɗen da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kuma kyauta ake saukewa, a nan za ka samu guda 25 ɗin Burgmüller na Op. 100, waɗanda a ganina babu abin da ya kai su koya wa yaro yadda ake sa fiyano ya yi waƙa, da ƙananan sonatina shida na Clementi Op. 36, da Czerny Op. 599, da ƙananan raye-rayen littafin Anna Magdalena Bach na 1725. Hanon ma yana nan da atisayensa 60, amma ni kaɗan nake bayarwa, na ga yara da yawa da aka ɗora wa shi har yatsunsu suka yi gudu kunnensu kuwa ya yi barci, wuyan hannu ya sandare. Sabbin littattafan da masu su suke raye kuwa a saya, kar a mayar da fotokwafi al'ada, mu ma muna so a biya mu aikinmu. Kuma dan Allah mu daina nuna wa yara kamar fiyano kayan Turawa ne kawai, Akin Euba da Joshua Uzoigwe 'yan ƙasar nan ne, J. H. Kwabena Nketia ɗan Ghana ne, duk sun rubuta kiɗan fiyano da yake tafiya da bugun ganga irin namu, William Chapman Nyaho kuma ya tattara irin waɗannan a kundi biyar daga mai sauƙi zuwa mai wuya, Oxford ta buga. Wannan shi ne littafin waje da zan ce ya cancanci a tara masa kuɗi.

Akwai rigimar da ba ta ƙarewa tsakaninmu, kunne ko takarda. Masu kiɗan coci da na situdiyo kunnensu kamar me, a rera abu sau ɗaya sun kama, sun san solfa, wato do-re-mi, sun san kod, wato sautuka da ake bugawa tare, amma a ajiye musu takarda sai su tsaya cak, kuma da yawa ki ɗaya kawai suka iya, wato matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai, sauran sai maɓallin tiransifos, mai ɗaga ko sauke sautin kibod da kansa, ya yi musu aikin. 'Yan lesin ɗinmu kuma akasin haka, suna karanta shafi biyu lafiya lau amma a ce su raka waƙar zagayowar ranar haihuwa ba takarda sai ido ya raina fata. Duka biyun rabin makaɗi ne, kuma ni ina ganin laifin ya fi yawa a wajenmu masu takarda saboda mu ne muke ɗaga hanci. Solfa ba abin kunya ba ce, ita ce ta riƙe kwayoyin ƙasar nan shekara da shekaru, a yi amfani da ita. A kowane darasi ina ware 'yan mintuna yaro ya juya baya in buga gajeren abu ya maimaita, ya rera kafin ya buga, ya ɗauki waƙar da ya iya a C ya kai ta G da F da hannunsa. Babban da ya zo daga situdiyo yana so ya koyi karatu kuma ba na mayar da shi jariri, ina fara rubuta masa abin da ya riga ya iya bugawa ya gan shi a takarda, sannan mu yi yarjejeniya cewa a ɗakina ba a taɓa tiransifos, wata ɗaya ki ɗaya har mu zagaye 12.

Aikin gida shi ma yana da yadda ake ba da shi. Ka ce wa yaro je ka yi firaktis, ba ka ce komai ba. Kowane ɗalibina yana da ɗan littafin rubutu mai shafi 40, a ciki nake rubuta abu uku kacal, kuma ƙanana, misali layi na biyu hannun hagu kaɗai sau biyar a hankali, sannan ya sa alama a ranar da ya yi. Minti 10 ko 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar nesa ba kusa ba. Kafin ya fita ina sa shi ya yi aikin sau ɗaya a gabana yadda zai yi a gida, don in tabbatar ya gane, sannan in ɗauki gajeren bidiyon hannuna ina bugawa a hankali in tura wa mahaifiyarsa ta WhatsApp, gajere don kar ya cinye mata data. Ita uwar ba sai ta iya kiɗa ba. Nakan ce mata, Maman Ladi ba gyara nake so ki yi mata ba, ki dai zauna kusa ki ce ta buga miki ki ji. Metronom, abin da yake ƙidaya maka bugu, akwai na kyauta a waya, amma ga ƙanana tafi da taka ƙasa sun fi, yaranmu da bugu a jikinsu suke tasowa, kar mu cire musu shi da sunan ƙidaya.

Maganar kuɗi kuwa kar ka ji nauyinta, jin nauyin nan ne yake kashe lesin da yawa. In ana biyanka darasi-darasi, ranar da aka yi baƙi ko hadari ya haɗo ba za a zo ba, kai ka yi asarar lokaci yaro kuma ya yi sati biyu bai ga malami ba, daga nan sai sanyin jiki. A biya na wata ko na zango tun farko, ka rubuta ƙa'idarka a takarda ɗaya ka ba iyaye tun ranar farko, yaushe ake biya, me zai faru in ba a zo ba ba tare da sanarwa ba, me zai faru in kai ne ka fasa. Ka tsara lokutanka da sanin garin da kake, akwai Islamiyya da yamma, akwai firaktis ɗin kwaya, akwai lokutan salla da bai kamata sauti ya fita waje ba, da azumi kuma a rage tsawon darasi ko a mayar da shi safe. Ƙofar ɗaki a buɗe take ko da yaushe, akwai kujerar uwa ko yaya a ciki, kuma gyaran hannu da nuni nake yi a kan nawa hannun, ba na kama hannun 'yar mutane ko ɗan mutane sai na nemi izini a gaban babba. Wannan kariya ce ga yaron kuma kariya ce gare ka.

Jarrabawa tana da amfani in an san lokacinta. ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Landan, wadda take tun 1889, tana da gireji 1 zuwa 8, a wadda ake yi a gaban mai jarrabawa ana buga kiɗa uku da sikel, wato hawa da saukar sautuka a jere, da karatun gani-da-ido da gwajin kunne, maki 150 ne, a ci da 100, kuma kafin a shiga gireji 6 sai an nuna shaidar gireji 5 na tiyori ko makamancinsa. Daga 2020 sun ƙaro wadda ake ɗauka a bidiyo, kiɗa huɗu a jere ba yankewa, wannan ta sauƙaƙa wa mu na nesa sosai. Akwai Trinity, akwai kuma tamu ta gida MUSON da take Onikan a Legas, an kafa ta a 1983, ita ma tana shirya jarrabawar gireji. Amma kuɗin na waje yana bin canji, kuma na ga yaran da suka shekara a kan kiɗa uku kawai saboda satifiket har fiyanon ya fita daga ransu. Manhajar jarrabawar, wato jerin abin da ake buƙata a kowane gireji, kyauta ake saukewa, ka yi amfani da ita ka auna inda ɗalibinka yake ko da ba zai zauna ba, ba dole ba ne kuma a bi kowane gireji, ana iya tsallakewa.

Abin da ya fi satifiket tayar da yaro a wajena shi ne ɗan taron ƙarshen zango. Ba sai an kama hol ba, tsakar gida da kujerun haya da zoɓo sun isa, kowa ya buga abu biyu, ɗaya daga takarda ɗaya kuma waƙar gida da ya lalubo da kunnensa. Ka sanar da ranar tun saura wata ɗaya da rabi, za ka ga littafin aikin gidan nan ya fara cika da alamomi. Mai jin kunya ka zauna kusa da shi ku buga tare, kai kana riƙe masa ƙasa. Ƙananan su fara tun ba su gaji da zama ba, kuma ka roƙi iyaye tun a takardar gayyata cewa kar wanda ya tashi in ɗansa ya gama, a tsaya a saurari na ƙarshe.